Bafal Ɗin Marigayi Garba Mai Gita

Ku da kuke zuwa shagon nan kuna cewa a koya muku gyaran lasifika kafin hutun makaranta ya ƙare, ku samu wuri ku zauna. A ganinku aikin bai wuce cire waya a nan a manna ta a can ba. To bari in ba ku labarin aiki guda, wanda har yau in aka tambaye ni me na gyara a cikinsa, sai in rasa ta inda zan fara.

Sunana Sani, amma a Garwa in ba ka ce Sani Rediyo ba, babu mai nuna maka ƙofar nan. Gidanmu 'yan kasuwa ne, kakanmu ya shigo garin nan da fataucin goro. Ni ne na kauce, aka kai ni Maruwa wurin wani oga da ake kira Metir Hamadu, Bafulatani mai gyaran rediyo da ampili, na'urar ƙara ƙarfin sauti, a bayan babbar kasuwa. Na daɗe a wurinsa bai bar ni na taɓa fer ba, wato ƙarfen narka dalma. Abin da ya fara koya mini hanci ne da yatsa. Sai ya miƙo mini lasifika ya ce in sansana, in faɗa masa ko bobin, wato naɗin wayar da ke ciki, ya ƙone. Sai in ɗora yatsu a kan takardar fuskar lasifikar, in danna a hankali, in ji ko tana gogar wani abu. Bayan wannan ya nuna mini gwajin batir. Ka taɓa ƙafafun lasifika, inda ake manna waya, da ƙaramin batir, takardar za ta yi tsalle, ko waje ko ciki. In lasifika biyu ne a akwati ɗaya, dole su yi tsallen gefe guda. In ɗaya ta fita ɗaya ta shiga, sai su cinye wa juna ƙarfi, sautin ya zama siriri kamar mai magana ta hanci. Metir Hamadu yana cewa wannan kuskuren jaki ne, wanda duk ya yi shi ya koma kiwo.

Kayan aikina ba su canza sosai ba tun lokacin. Ga fer biyu, ɗaya na kuran, wato lantarki, ɗaya na sawa a garwashi ran da aka ɗauke wuta. Ga mita mai allura, ga turnabis iri-iri na kwance sukurori, ga gam, ga tsohon buroshin haƙori na share ƙura. Masu kawo aiki su ne suka canza. Da masu kiɗan biki ne, da masu gidajen kallo, da masallatai. Daga baya sai ga ƙananan lasifikun nan da ake haɗawa da salula, waɗanda an manne su ba a buɗewa, in sun mutu sai juji. Kan wannan kuma sai shekarar annoba ta zo, aka hana taro. Ba biki, ba suna mai kiɗa, akwatin lasifikar kowa yana ɗaki a rufe. A shekarar nan fanka da tocila na koma gyarawa. Har dutsen guga na gyara.

A ƙarshen wannan shekarar ne Alhaji Ɗanladi ya zo. Mahauci ne, yana da tebur a kasuwa, kuma yana cikin manyan masu yanka a mayanka. Da hantsi ya iso, mai kura yana tura masa wani akwati da aka lulluɓe da buhu. Muka gaisa, ya yaye buhun.

Bafal ne, wato akwatin lasifika, tsayinsa ya kai ƙugu. An shafe shi da koren fenti irin na ƙofar gida, amma inda fentin ya ɓare ana ganin baƙar fata mai tsaga-tsaga a ƙasa. Fuskarsa an rufe ta da ragar taga. Na zagaya shi ina neman suna, ban samu ba. Ba a gaba, ba a baya, ba lamba ko ɗaya.

"Na yayana ne, Garba," in ji Alhaji. "Allah ya yi masa rasuwa makon jiya."

Na yi masa gaisuwa. Na san sunan. Duk wanda ya girma a Garwa zamanin da ake rawa a otel-otel ya ji labarin Garba Mai Gita, ko da bai gan shi ba. Ban dai taɓa sanin ɗan gidan mahauta ba ne.

"Malam Sani, so nake ka gyara shi a sa a masallacinmu na mayanka. Liman ya riƙa karatu da shi. Kafin sadakar arba'in nake so."

Na ce masa, "Alhaji, in don karatu ne, akwai lasifikun da aka yi don murya, suna nan a kasuwa. Wannan da alama na gita ne. Ba ya fitar da siririn sauti, haruffa za su riƙa haɗewa."

Ya girgiza kai. "Ba sabo nake nema ba. Nasa nake so. Ya shafe rayuwarsa yana tara mutane da akwatin nan a kan abin da ka sani. Yanzu ya tara su a kan karatu, ko Allah ya kai masa ladan. Na tambayi liman, ya ce katako ba shi da zunubi."

Na ce masa to. Na tambaye shi ko ya san inda akwatin ya fito, don kafin ka sa hannu a abu ya kamata ka san wa ya yi shi. Ya ce bai sani ba. Ya ce shi da Garba ba su zama wuri guda ba tun mahaifinsu yana da rai.

Da na juya bayan akwatin na fara kwancewa, nan ruɗanin ya fara. Sukurorin iri biyu ne, wasu na awon Ingila, wasu irin namu na awon Faransa. Gefunan akwatin katako ne fari mai falle-falle, an haɗa kusurwoyin kamar an sarƙe yatsu. Wannan aikin inji ne, ba na kafintan unguwa ba. Amma murfin baya maɗaci ne, namu na nan, an yanka shi da zarto a karkace. A ciki na tarar da lasifika biyu masu faɗi ɗaya. Ta sama tana da ƙaramin maganaɗisu da murfi kamar kwanon sha, irin na da can. An kankare takardar sunan da wuƙa, sai ɗan shuɗin fenti ya rage. Ta ƙasa kuwa maganaɗisunta babba ne, baƙi, mai nauyi, ta fi kama da na gidan silima. A bakin ƙarfen kowace akwai lambobi, rabinsu tsatsa ta cinye.

Na sa mita. Ta sama ta nuna goma sha shida a awon da muke kira om, ta ƙasa kuma takwas. Babu kamfanin da zai haɗa waɗannan biyun a akwati guda. Na ɗauko batir na taɓa wayar da ta haɗa su. Ta sama ta yi waje, ta ƙasa ta yi ciki.

Na ce a raina, ga kuskuren jaki. Amma da na duba dalmar da aka manna wayar da ita, sai na ga aiki ne mai tsabta, ɗigo kaɗan, mai sheƙi, an ma naɗe wayar a ƙafar kafin a manna. Hannun da ya yi wannan ba hannun ɗan koyo ba ne. Mutumin da ya iya dalma haka, ta yaya zai kasa sanin gwajin batir?

Maƙwabcina mai sayar da salula ya ɗauki hoton akwatin, muka yi ta dubawa a wayarsa. Hotuna suka yi ta fitowa. Wannan ya yi kama da shi ta kusurwa, wancan ta marikin hannu, wani kuma ta ƙafafu. Ba mu ga wanda ya haɗa duka ba. Muka rubuta lambobin da suka rage, abin da ya fito har da injin ban ruwa. Muka haƙura.

Na dai yi abin da na sani. Na share ƙura da kashin ɓera, na manne wata 'yar tsaga a takardar ta sama, na juya wayar ta ƙasa suka koma tsalle tare. Na jona rediyo na gwada. Sautin ya cika, ya yi kauri, har gwangwanin sukurori yana rawa a kan tebur. Na ce saura in ƙara masa twita, ƙaramar lasifikar da ke fitar da siririn sauti, aiki ya ƙare.

Ina cikin wannan gwajin sai wani tsoho ya tsaya a bakin ƙofa. Dogo ne, da sanda, da hular kwano da ta sha wanki. Ya yi sallama da Fulatanci, na amsa, da shi muka yi ta magana ana cakuɗawa da Faransanci don ba ya jin Hausa sosai. Ya ce sunansa Pagu, mutumin Kayele ne, ya yi aiki a kamfanin auduga har ya yi ritaya. Shi ne mai buga ganguna a orkes ɗin su Garba, wato ƙungiyarsu ta makaɗa. Ya je gidan gaisuwa aka ce masa an kawo bafal wurina.

Ya ɗora hannu a kan akwatin, ya saurara, sai ya ɓata fuska. "Me ka yi masa, Metir?"

Na ce na gyara wata waya da aka juya.

"Wa ya ce maka kuskure ne? Garba da kansa ya juya ta. Ina tsaye. A Ngong ne, mun je wasa, ya buɗe shi da rana a gindin bishiya ya juya. Ya ce yana so gitarsa ta yi magana kamar garaya, ta hanci, yadda mutanenku suke so. Wannan da nake ji yanzu muryar wani ce."

Na tambaye shi asalin akwatin. Ya ce na orkes ne, ba na Garba shi kaɗai ba. Sun saye shi a hannun wasu makaɗa da suka zo daga Najeriya, motarsu ta lalace suka sayar da kaya. Ya ce da akwai suna a gaba da harufan azurfa, Garba ya cire don kada 'yan kwastan su gane na waje ne. Na ce wane suna ne? Ya rufe ido, ya motsa baki, ya buɗe. Ya ce yana bakinsa, zai tuna. Bai tuna ba.

"Ni kaɗai na rage a cikinmu," ya ce. "Ban zo in ƙwace ba, ba ni da inda zan sa shi. Amma kada a canza masa murya."

Yanzu ga ni da mutum biyu, kowa da abin da yake so, kuma ban san wanda zan bi ba. Na ce bari in je in ji ta bakin matar marigayin, Adda Dudu, tunda ita ce ta zauna da akwatin a ɗaki. Na je da la'asar, na tsaya a zaure, ta yi magana daga bayan labule don tana takaba. Bayan gaisuwa na faɗa mata abin da ya kawo ni.

Ta ce, "Na orkes? Ni ba haka ya faɗa mini ba. Ya ce wani Bature ne a kamfanin auduga ya ba shi aro, zai dawo ya karɓa. Shi ya sa bai taɓa yarda ya sayar ba, ko lokacin da muke cikin matsi. Ya ce ba nasa ba ne."

Na tambaye ta batun sautin, ko ta taɓa jin ya ce shi ya juya wayar.

Ta ce, "Abin da na sani, kullum ƙorafi yake. Yana cewa tun da wani mai gyara ya taɓa shi bai ƙara jin daɗinsa ba, ya koma kamar mai mura. Ya so ya kawo maka ma, jiki ne ya ƙi."

Na fito gidan kaina ya fi ɗaurewa fiye da yadda na shiga. In Pagu ne mai gaskiya, na ɓata abin da mamacin ya yi da gangan. In Adda Dudu ce, na gyara abin da ya mutu yana so a gyara. Dukansu ba su da dalilin yi mini ƙarya. Kuma wanda ya kawo aikin ba ruwansa da ko wanne, shi karatu yake so ya fita sarai.

Ku lura da nan, don shi ne abin da ba a koya cikin hutun makaranta. In ka rasa gane abu, kada ka yi masa aikin da ba ya komawa. Ban huda katakon gaba ba. Na ɗaura twitar a jikin ragar da ƙananan ƙarafa, na sa mata kondansatar don kada sauti mai kauri ya ƙone ta. A murfin baya, wanda dama ba na asali ba ne, na huda rami guda na sa makunni mai ƙafafu da yawa. In ka tura shi sama, lasifikun biyu suna tsalle tare, twita tana aiki, murya ta fita tas. In ka tura shi ƙasa, twita ta yi shiru, wayar ta koma a juye yadda na same ta. Ko guntun tsohuwar wayar ban zubar ba, na ɗaure shi a ciki.

Ran da Alhaji zai zo ɗauka na aika wa Pagu, don ba na so a ce na yi abu a bayan wani. Ya zo da wata tsohuwar gita ta aro da ƙaramin ampili. Alhaji ya iso daga kasuwa da rigar aikinsa. Da ya ga gitar ya ja baya kaɗan, amma ya zauna a benci. Na gabatar da su. Ashe ba su taɓa magana ba, ko da yake sun ga juna wurin jana'iza.

Na fara da makirfo. Na tura makunni sama, na yi sallama a ciki, muryata ta fita kamar ina tsaye a kunnen kowa. Alhaji ya gyaɗa kai, ya ce madalla. Na bayyana masa ɗaya gefen da dalilinsa, na faɗi abin da Pagu ya ce da abin da Adda Dudu ta ce. Sannan na ce, "Alhaji, kai ne ƙaninsa. Ka ji duka biyun ka faɗa mana wanne ne sautinsa."

Pagu ya jona gitar. Shi mai ganga ne, ba mai gita ba, yatsunsa kuma sun yi tauri. Ya dai lallaɓa ya fitar da wani ɗan zagaye na kiɗa, yana maimaitawa. Na tura sama, ya fito da kauri. Na tura ƙasa, ya koma siriri yana ɗan kuka ta hanci. Na sake, na sake.

Alhaji ya zuba wa akwatin ido. Can ya ce, "Ban san shi ba, Malam Sani."

Na ɗauka bai ji bambancin ba ne, na kai hannu zan sake turawa.

"Ba haka nake nufi ba. Ban taɓa jin ya kaɗa ba. Ko sau ɗaya. Babanmu ya ce wanda duk ya je inda yake kiɗa ba ɗansa ba ne. Bayan Baba ya rasu kuma, sai na ga ai an riga an saba."

Pagu ya ɗora tafinsa a kan tsirkiyar gitar ta yi shiru. Alhaji ya juya gare shi, ya yi masa Fulatanci a hankali.

"Baba Pagu, kai ne ka sani. Wanne ne?"

Pagu ya ce in tura ƙasa. Ya kaɗa. Ya ce in tura sama. Ya kaɗa, ya karkata kunnensa na dama, ya ce na hagun ya daɗe da mutuwa. Ya ce in mayar ƙasa. Sai ya yi tsaki a hankali.

"Ran nan na tabbata," ya ce. "Yau kuma ban sani ba. A hannunsa ba haka yake fita ba, ko wanne. Ina ganin dai na ƙasan ne. Ina gani."

Alhaji ya cire hularsa ya shafa kai. "Ya iya kuwa?"

"Ran da yake so," in ji Pagu. "Akwai ranakun da in ya zo da fushi, gara ka tafi gida. Amma ran da yake so, masu gasa kifi a bakin otel sai kifinsu ya ƙone suna tsaye."

Alhaji ya ce ya ƙara kaɗa wannan ɗin. Pagu ya ƙara. Wani ya zo daga kasuwa ya ce masu saye suna jira a tebur, Alhaji ya ɗaga masa hannu ya ce ya je. Ya zauna har Pagu ya gaji don kansa. Sannan ya mayar da hularsa ya tashi.

"A bar shi a ƙasa."

Na ce, "Alhaji, a ƙasa karatu ba zai fita sosai ba. Don karatun na sa na saman."

"Na ji. A bar shi a ƙasa. Liman zai yi haƙuri."

Ya sa na naɗe makunnin da baƙin salatif don kada wani ya taɓa. Da hannuna na rufe aikin da na fi wahala a kansa. Aka ɗora akwatin a kura, Pagu yana bin su a baya yana cewa kada a ajiye shi a dandamalin ƙasa, sanyi yana ci masa katako.

Yana nan a masallacin mayanka har yanzu, a kan wani benci da aka yi masa. Ban san kamfanin da ya yi shi ba, ban san ko na orkes ne ko na Bature ba, ban kuma san wanda ya juya wayar ba. Na taɓa tsayawa na yi azahar a can, na tarar liman yana yi wa mahauta ɗan karatu bayan salla, muryarsa tana fita siririya kamar mai mura.

Kwanakin baya wani dillalin shanu ya kawo mini rediyon mota. Muna hira sai ya ce ya yi salla a mayanka, ya ji lasifikarsu. Ya ce, "Ko wane ne ya gyara musu ita, wallahi bai san aiki ba. Ya kamata ka je ka duba musu, Malam Sani."

Na ce masa ni ne na gyara.

Ya dube ni, ya dubi rediyonsa da ke buɗe a kan teburina. Na ga yana shawarar ko ya ɗauke abinsa.